Bahon da Ba Zan Cire Ba

Winnipeg, 9 ga Fabrairu.

Zuwa ga Yayana, Alhaji Haladu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙa gaisuwar ƙanwa ga yayanta, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Yaya Asabe da duk mai cin tuwo a gidan nan. Allah Ya sassauta maka idon nan da ke damunka, Ya ji ƙan Baba da Inna da Malam Isyaku, mahaifin yarana. Mu nan sai godiya. Yaran kuwa, Rumasa'u ta fara aiki a kantin magani, Mubasshir yana garin Regina, matarsa ta kusa sauka. Sanyi kuwa na Fabrairu ne, jiya talatin ƙasa da sifiri.

Saƙon muryarka ya iso ranar Laraba, na saurare shi sau uku. Ka ce Hajiya Uwani matar Sabi'u, wadda ta zo mana daga Calgary, ta gaya maka na kafa bahon ruwan zafi a bayan gida ina wanka a fili tare da Turawa. Ka ce in cire shi kafin azumi, in ba haka ba kada a ƙara ambaton sunana a gidanka. Na zaɓi takarda ne don na san kaina. Da na kira na ji muryarka, "to" kawai zan ce, yadda na saba shekara hamsin da uku. Wannan karon ba "to" ba ce, Yaya. Ba zan cire shi ba, kuma ina roƙonka ka karanta har ƙarshe.

Ka san shekara goma sha tara na yi ina ɗaga tsofaffi daga gado zuwa kujera a gidan jinya. Abin da ban gaya maka ba, don kada hankalinka ya tashi, shi ne aikin ya cinye mini ƙugu da gwiwoyi. Shekara shida a kan kujera nake salla. Ƙwayoyin da aka ba ni suna kwantar da ciwon, amma tare da hankalina suke kwantar da shi. Sai in tsaya a La'asar ban san raka'a ta biyu nake ko ta uku ba, kullum ina gyaran salla kamar sabuwar shiga.

Maƙwabciyata Doreen Friesen, wadda muke katanga ɗaya shekara ashirin, tana da irin wannan baho saboda ciwon bayanta. Shekara biyu tana bina in gwada, ina cewa a'a. Har ta ce wai taurin kaina, da za a ɗaura shi a gaban mota, da ya share ƙanƙarar layinmu kaf. Bara na yarda, ranar da mijinta Wendell ya tafi kamun kifi a tafki. Na je da doguwar riga da wando da hijabi, na wanke su tas da garin sabulu mai yawa, don kada in shiga ruwan mutane da datti. Ashe laifin ke nan. Tana danna maɓallin da ke motsa ruwan, sai kumfa ta taso, ta kai mana haɓa, ta tumbatsa kan katako tana daskarewa. Doreen ta yi dariya har da tari, ta ce tunda take ba ta taɓa ganin wadda ta haɗa jinya da wanki a tafiya ɗaya ba. Ruwan da ake riƙewa wata uku, dole suka zubar da shi a tsakiyar sanyi. Da Wendell ya dawo sai ya aiko matarsa ta ce mini in zan sake zuwa in yi magana, yana da riguna huɗu da ke jiran wanki. Kunya ta sa na dafa musu shinkafa da miyar gyaɗa tukunya guda.

Amma ga abin da nake so ka ji. Da na koma gida ranar, na jawo kujerata zan yi La'asar, sai na ji gwiwar ta saki. Na ce bari in gwada. Na dafa bango, na sauka a hankali, goshina ya taɓa ƙasa. Na daɗe a nan ban ɗago ba, don na manta ƙamshin dardumata.

Shi ya sa na sayi nawa. Kuma ban kafa shi da ka ba. Wendell ya kewaye shi da katako iyakar tsawon da doka ta yarda, ya yi masa rufi. Duk da haka hankalina bai kwanta ba, sai na sa wa sandar goge ɗaki hijabina, na kafa ta cikin bahon, na bi gidajen maƙwabta uku ina neman izini in hau benensu in leƙa ta taga. Da wannan gwiwar na hau. Ko saman hijabin ba a hangowa. Rumasa'u ta ce in dai mutanen layin nan ba su ɗauke ni mahaukaciya ranar ba, to ba za su taɓa ɗauka ba. Kayan shigata guda ɗaya ne, sun rufe ni daga wuya har idon sawu, kuma da ruwa zalla nake ɗauraye su yanzu. Ruwan bahon yana da warin magani, saboda haka ba na alwala da shi, yadda Baba ya karantar da mu a zaure, kana zaune a damana. In na fito sai in watsa ruwan famfo in yi alwalata. Likita ya ce kada in wuce minti goma sha biyar saboda hawan jini, kuma ban taɓa wucewa ba.

Ba zan ce Hajiya Uwani ta yi ƙarya gaba ɗaya ba, don ina tsoron Allah. Gaskiya ne bahon a waje yake. Gaskiya ne Doreen tana shiga tare da ni duk Talata. Mace ce, shekararta sittin da takwas, hirarmu ba ta wuce jikokinta da tsadar albasa. Amma Hajiya daga tagar kicin ta hango tururi, ta ce mini sannu Baturiya, ta ƙara naman kaza, ta tafi. Da ta tambaye ni da na buɗe mata ƙofa ta gani.

Kuma ba zan ce na warke ba. Asuba har yanzu a kan kujera nake yi, jikin bai saki ba a lokacin. Ran da sanyi ya yi tsanani ma ruwan ba ya iya komai. Amma Azahar da La'asar, sau da yawa har Magariba, a ƙasa nake yin su, kuma na san raka'ar da nake ciki, don likita ya rage mini ƙwayoyin.

Ka ce me mutane za su ce. Yaya, mutanen nan ba su nan lokacin da 'yata take durƙusawa tana sa mini safa kafin ta tafi makaranta. Ban taɓa ƙetare maganarka ba, ko da ka hana ni zuwa gida ta'aziyyar Inna don yara suna ƙanana na haƙura. Amma wannan ba tsakanina da mutane ba ne. In ka nuna mini inda na saɓa wa Allah, gobe zan sa a zubar da ruwan. In don bakin Hajiya Uwani ne, yana nan inda yake, azumin bana ma da shi nake sa ran yin asham a tsaye.

Ka gaishe mini da Yaya Asabe, da Gwaggo Turai, Allah Ya ƙara mata sauƙi, da Lawandi da amaryarsa, da Talatu da 'yan biyunta. Rumasa'u tana gaishe da Kawunta. In ka hana a ambaci sunana a gidanka, gidanka ne, ba zan yi jayayya ba. Ni dai naka sunan ba zai fita daga addu'ata ba, kuma yanzu goshina a ƙasa nake faɗinsa.

Ƙanwarka har kullum,
Kubura