Gajeru Biyu da Doguwa Guda

Tsaunin Mati, ran Juma'a, 29 ga Mayu 1992

Zuwa ga Labbo, sanyin idona, ruwan randata na tsakar bazara, inuwar da na zaɓa cikin itatuwan Adar duka. Zuwa ga hadarin da nake ta ɗaga kai ina dubawa, ya haɗu ya yi baƙi, ya ƙi zuba. Zuwa ga mai tsayin gawo da taurin kan dutsen garin ga. Assalamu alaikum. Ina gaishe ka don gaisuwa wajibi ce, ina tambayar lafiyarka don Allah bai cire mini kai daga rai ba, ko da yake cikin makon ga na roƙe Shi ya cire. Amma kada ka ji zaƙin farkon takarda ka kishingiɗa kana murmushi. Tashi zaune, Labbo. Faɗa na zo yi.

Da Hausa nake rubuto maka. Sau biyu na gwada da Faransanci, duka biyun na yage. Harshen da nake koya wa yara a lakwal, makarantarmu ta boko, ya cika ladabi, bai iya ɗaukar abin da ke cikina.

Bari in fara da abin da ke kan teburina, don ka san ba wasa nake ba. Takardar canjin wurin aiki ce. An sami gurbi a Illela, garinmu, kusa da Umma, wadda gwiwoyinta sunka fara ƙin kai ta ko kasuwa. Diraktan lakwal yana son amsata ran Litinin, takwas ga watan gobe. Sau biyu a baya ya miƙo mini irinta, sau biyu na mayar masa ba sa hannu. Kowane hutu Umma sai ta tambaye ni, wai mi na ajiye cikin duwatsun nan da ba ni iya barowa? In sunkuyar da kai in ce yara ne. Ƙarya nake yi wa uwata, Labbo! Kwalta ce ta riƙe ni. Motocin siminti ba su bi ta Illela, ta ƙofar ajina suke bi.

Mi ke cikin garin ga da zai riƙe mace shekara uku? Ka san shi sarai. Gidaje sun lafe a gindin tsauni, lakwal na bakin hanya, rijiya na tsakiya da zurfinta mai cinye igiya. Da safe alli da yara sittin da biyu, da rana zafi, da marece tulin kaye, littattafan aikin yara, da jan biro. Asabar wanki. Lahadi ce kaɗai tamu: ni da Larai abokiyar aikina, da mijinta Takama na gidan likita, mu ɗauki tabarma da gawayi da butar shayi da rediyo, mu hau falalen dutsen nan na sama mu sha iska. Haka nake zaune lafiya lau da talaucin nishaɗina, sai ran nan kamyonka na ɗaukar siminti ya yi zafi daidai lakwal. Ka shigo neman ruwan zuba wa inji, fari fat da siminti har gira, kamar wanda ya faɗa cikin garin gero. Na ba ka bokiti biyu. Kashegari ka dawo mini da su, guda cike da mangwaro. Wa ya aike ka? Ni na ce ka dawo?

Wayyo waɗannan Lahadodi! Ka taso daga Malbaza bisa mobilet, 'yar babur ɗinka mai tari, ka jingine ta ƙasa, ka hawo kana haki kana cewa dutsen ga ya ƙara tsawo. Takama na fifita gawayi, Larai na tsokanarka, ni ina zuba maka dambun zogale ina yi kamar ban damu da ko ka ci ba. Ka miƙa hannu kudu, ka rantse kana hango hayaƙin kamfanin siminti daga nan. Shekara biyu ina cewa na gani. Yau in gaya maka gaskiya: ban taɓa ganin komai ba, hannunka nake kallo.

A bisa falalen nan ka kafa mana doka, kai da bakinka. Ka ce garin ga ba tarho, wasiƙa kuma sai ta tsufa a hanya, amma kowace Juma'a da hantsi kana wucewa da lodi zuwa Tawa. Ka ce in ka danna oda doguwa guda, gaisuwa ce kawai, ba ka samun zuwa. In ka danna gajeru biyu da doguwa guda, to Lahadi kana tafe, mu riga ka hawa ka same mu. Har ka gwada mana da baki, Larai ta yi dariya sai da shayi ya sarƙe ta. Shekara biyu odar nan ba ta yi mini ƙarya ko sau guda ba. Ka san abin da take yi mini? Ina tsaye gaban allo, in ji injinka tun daga gangara, in kasa kunne. In gajeru biyun sunka faɗo, alli ya karye a hannuna. Asabar in tafi kitso, in sa lalle, in nemo zogale, in jiƙa tsaki. Ban kwana da yunwar komai ba duk makon.

To, saurara ka ji abin da ka yi.

Juma'a huɗu a jere odar ta ce kana tafe. Lahadi huɗu na hau dutse. Ta fari na ce tayar mobilet ce ta fashe, na yafe maka tun kafin in sauko. Ta biyu na ce ba ka da lafiya, na yi ta addu'a, Takama ya yi ta leƙen hanya har wuyansa ya ƙage. Amma ran Juma'a sai ga oda lafiya lau, to mara lafiya na tuƙi? Ta uku Takama ya ce yana da aiki, kuma na san kunya ce ta hana shi. Larai ta raka ni don tausayi. Ta huɗu ni kaɗai na hau. Ni kaɗai, Labbo, cikin zafin watan Mayu, dutse na ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi, kwano bisa kai, lalle a hannu kamar amarya! Na zauna tun hantsi har la'asar ina kallon kwalta. Dambu ya yi tsami. Ƙadangaru ma sai da sunka gaji da ni.

Kuma ka san hanyar hawan nan tsirara take, ba itace ba kwana. Duk wanda ya hau, daga kowane tsakar gida ana ganinsa, haka in ya sauko. Sau huɗu na sauko da kwano cike, na ratsa ta bakin rijiya. Matan da ke ɗibar ruwa ba su zage ni ba, ina ma sun zaga. Sannu sunka yi mini. Wata ta ce, "Metiras, malamar ɗiyanmu, an sauko lafiya? Kwanon da nauyi, a kama miki?" Wata ta ce ai baƙon nata mai azumi ne. Ran Litinin ina juya baya zan yi rubutu, sai aji duka ya ɗauka da baki, gajeru biyu da doguwa guda. Ni Tsahara, da ko tari ba a yi in ina magana! Ban daki kowa ba. Da wane ido zan daka?

Juma'a ta biyar, wadda ta wuce, na bar wa Larai ajina, na fita na tsaya tsakiyar kwalta. Na ce yau ko ka taka ni ko ka dube ni. Ga koren kamyonka ya taho, ga tsagar gilashinsa da na sani, ya danna gajeru biyu, bai kai ga doguwar ba ya taka birki har ƙura ta tashi. Wanda ya sauko ba kai ba ne. Wani dogon mutum ne da ban taɓa gani ba, yana salati. Ya ce sunansa Sanusi. Ya ce mako biyar ke nan da mai motocinku ya ba ka sabuwar mota ya maida kai hanyar Damagaram, shi kuma anka ba shi taka. Na ce to wa ya koya masa odar ga? Ya ce kai. Ya ce amana ka ba shi, har ka riƙe masa hannu. Ga maganarka yadda ya maimaita mini, kuma har in mutu ba ni manta ta: "In ka zo daidai lakwal ka danna mata oda, kada ta ce na manta da ita. Ka yi gajeru biyu da doguwa guda, ita ta fi so."

Ita na fi so! Innalillahi! Labbo, kanka ɗaya kuwa? Don mi na fi son ta? Ƙarar ƙarfe nake so? Kiɗa ne da zan taka rawa? Na fi son ta don tana nufin kana tafe, kai, da ƙafafunka da hakinka da ƙaryar hayaƙinka! Kai ka kafa dokar, kai ka raba doguwa da gajeru, sannan ka ɗauki alkawarin zuwanka ka ba wani aro kamar jak ɗin canjin taya. Da doguwa guda ka ce ya yi, da na zauna gida da mutuncina ina kewarka. Da shiru ka yi ɗungum, da na yi kuka cikin ɗakina ba wanda ya gani. Sai ka zaɓi ka faranta mini rai, ka sa ni hawan dutse sau huɗu gaban gari. Ko maƙiyi ya zauna ya shirya, bai kai ka gwaninta ba.

Ban ga laifin Sanusi ba. Da na gaya masa ma'anarta, bawan Allah ya cire hula yana murzawa, ya rasa inda zai sa ido. Kuma kada ka ce mini aiki ne ya yi yawa. Na san Damagaram da nisa, na san ba kai ka zaɓa ba, ban ce ka bar abincinka don ni ba. Amma kai da kake kwana kana tashi cikin buhunan siminti, ka rasa ƙyallen takarda guda? Ka yago bayan buhu, ka rubuta layi biyu da wannan rubutun naka mai kama da sawun kaji: an canza mini hanya, ki yi haƙuri. Shi ke nan fa! Da na adana shi cikin akwati tare da zannuwana.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san da so ka yi. Da wulaƙanci ne, da na huta, in tsane ka in sa hannu a takarda in kama hanyar Illela ina waƙa. Amma na san ka. Ina ganinka kana gaya wa Sanusi, kana jin daɗin dabararka, kana cewa yau Tsahara za ta yi murna. Wawana, hasken ɗakina, ina zan kai ka? Na yi fushi har abinci ya fita raina, amma jiya da hadari ya taso ta gabas, abin da ya fara zo mini shi ne ko ruwa ya same ka a hanya.

Ga abin da nake so, kuma ba ciniki. Sanusi ya ce ƙarshen mako mai zuwa kana Malbaza. Ran Lahadi bakwai ga watan gobe ka zo. Kada ka nufi dutse, ba ni can, na gama hawa. Ka ajiye mobilet bakin kwalta, ka tako da ƙafa ta bakin rijiya da hantsi, lokacin da mata sunka fi cika, ka gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ka tambaye su gidan Metiras Tsahara ko da ka san shi. Ka yi sallama a ƙofa, Takama zai shimfiɗa maka tabarma. A gabansa za ka faɗi ranar da manyanka za su je Illela wurin kawunaina. In ka yi haka, a gabanka zan yage takardar dirakta, in je in faɗa wa Umma gaskiyar abin da na ajiye cikin duwatsu. In rana ta faɗi ban gan ka ba, Litinin da safe zan sa hannu. Ba don na daina sonka ba. Don ba ni iya ƙara shekara ina koyar da ɗiyan matan da sunka ga kwanona.

Na hana Sanusi yin oda, kowace iri. Yau da hantsi ya cika umarni. Mun ji injin tun daga gangara, kawuna sittin da biyu sunka juya wajen taga. Motar ta zo daidai lakwal, ta wuce, ta canza giya, ƙararta ta yi ta raguwa har ta ɓace. Na san ba kai ne ciki ba. Ni da bakina na hana. Amma wallahi, Labbo, sai da kunnena ya jira, ina tsaye da alli a hannu, na manta abin da nake rubutawa.

Gobe in Sanusi ya biyo zai koma Malbaza zan ba shi takardar ga. Zan ce ya sa ta cikin hannunka, kuma kada ya kuskura ya kawo mini amsa. Ba a aiko mini da kai sau biyu.

Taka ce ni, a garin ga ko a Illela, ka zo ko kada ka zo, ba ni da wani kuma ba ni nema har ƙasa ta rufe mini ido. Amma ka zo.

Mai fushi da kai,
Tsahara