Hanyar Avédji ta ɓace mini

Lahadi, bayan isha'i

Yau na ɗauki matata Hajiya a mota za mu unguwar Avédji barkar haihuwar ƙanwarta, daga nan mu sha iska a bakin teku. Ko ɗaya ba mu je ba.

Danja ta tsayar da mu a wata mahaɗa, da ta sake mu sai na rasa inda nake. Ni fa, da na yi shekaru ina tuƙa zemijan, wato babur ɗin haya, a garin nan kafin Allah ya ba ni shaguna. Na gangara gefe, na buɗe bonet ina taɓe-taɓen wayoyi, wai mota ce ta yi zafi.

Hajiya ta leƙo ta ce, "Alhaji, mu koma gida, kaina ke ciwo." Har muka iso unguwarmu Zongo tana cewa "dama, hagu" a hankali, kamar da kanta take magana.

Haka marigayi Baba ya fara, har ya daina gane mu.

Yanzu ina jin ta a tsakar gida tana waya da babban ɗanmu, ta rage murya. Na kasa fita in tambaya.