Motar Marigayi Mukhtaru

Makka, 11 ga Maris, 2018

Zuwa ga Batulu, Maman Murja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da Murja da Inna. Yaya ƙafar Inna? Ja'afaru ya gama umara, shi zai kawo miki wannan. A waya lafiya kawai nake iya cewa, shi ya sa na ɗauki biro.

An rushe layinmu na unguwar Nakkasa. Yunus, abokin ɗakina na shekara shida, ya karɓi takardar fita ya koma Maraɗi. Ni kuwa kafilina Talal, wanda nake zaune a ƙasar nan ƙarƙashin sunansa, ya ba ni aron motar mahaifinsa, marigayi Mukhtaru, in riƙa kwana ciki. Mota ce mai ɗaki, ta dizal, da gado da murhu da ɗan famfo. Tana ajiye a bayan warsha, garejin gyaran motocin da nake aiki.

Matsalarta ba ta da lafiya. In na tayar da ita sai ta yi ta karkarwa, ta tuttuɗo baƙin hayaƙi, ta mutu. Jiya ma'aikatan baladiyya, hukumar gari, suka manna mata takarda, motar da ba ta motsi za a ja ta. Na je na faɗa wa Talal. Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, duk da kakansa ɗan Sakkwato ne, sai ya ce da Larabci in gyara in zan iya, in ba haka ba a bar su su ɗauka.

Kada ki faɗa wa Inna. Ki gaishe ta.

Naki,
Sada

Makka, 20 ga Afrilu, 2018

Maman Murja,

Sallama da fatan alheri. Na ji saƙonki cewa Murja ta fara haɗa baƙi, Allah Ya yi mata albarka. Ina fatan zafin Katsina bai matsa muku ba.

Na gano ciwon motar. Akwai wani bawul da ke mayar da ɗan hayaƙin salansa cikin inji ya sake ƙonewa, mu makanikai muna ce masa EGR. Da na kwance shi, kunkunniya ta daskare a ciki kamar ƙanzon tukunya, ya maƙale a buɗe. Ranar Juma'a bayan masallaci na zauna a inuwar bango da kalanzir da tsohon buroshin haƙori, na goge shi har la'asar. Ba wanda ya wuce balle ya ce mini sannu. Da Yunus na nan da ya cika ni da surutu har in ce ya tafi.

Ta tashi lafiya, na zagaya da ita unguwar Misfala, na cire takardar baladiyya. Kwana tara sai fitilar gargaɗi ta kama, a tsakiyar hawa, ina taka totur motar tana ja da baya. Wani Bayamane a warsha ya ce in toshe bututun da faifan ƙarfe in huta. Na ƙi. Motar amana ce, kuma a aljihun ƙofarta na tsinci littafin da marigayin yake rubuta duk ranar da ya canja mai, shekara goma sha ɗaya bai tsallake ba. Ban taɓa ganinsa ba, amma na ji kunyarsa.

Jibi zan je tashlih, inda ake farfasa matattun motoci, in nemo wani bawul. Ki sa ni a addu'a.

Mijinki,
Sada

Makka, 24 ga Yuni, 2018

Batulu,

Assalamu alaikum. Barkanku da sallah, Allah Ya maimaita mana. Ina fatan takalman Murja sun yi mata daidai.

Sau uku na je tashlih kafin na samu bawul mai kyau. Na ɗaura shi da sabon gaskit, na wanke bututun gaba ɗaya. Duk azumi motar ba ta yi tari ko sau ɗaya ba. A cikinta na yi buɗa-baki kwana ashirin da tara, na sa labule, na rataye hoton Murja sama da murhu. Har na fara cewa "bari in koma gida" in an tashi aiki.

Washegarin sallah Talal ya zo da mahaifiyarsa, Hajiya Khadijatu. Ya tayar da motar don ta ji. Tsohuwar ta dafa ƙofa, ta saurara, sannan ta juyo da Hausa tsantsa ta ce, "Ɗan nan, haka take kuka lokacin da Malam yake kai mu Ɗa'ifa. Allah Ya yi maka albarka." Rabon da wani ya yi mini doguwar Hausa ido da ido tun tafiyar Yunus. Na ce amin.

Ta ce tana son a kai ta Ɗa'ifa a cikinta, kuma daga nan motar ta zauna a ƙofar gida inda za ta riƙa ganinta. Talal bai wulaƙanta ni ba, ya sama mini gado a ɗakin ma'aikata a unguwar Jarwal. Mu takwas ne, mutanen kirki, sai dai ba mai jin Hausa, Larabcinsu ma kaɗan ne.

Ranar Laraba na kwashe kayana, jaka biyu. Na nuna wa Talal yadda zai riƙa ba ta doguwar hanya lokaci-lokaci don kada kunkunniya ta sake taruwa. Suka shiga da jikoki, suka tafi. Na tsaya bakin titi ina kallon salansa har suka sha kwana, ko ɗigon hayaƙi babu. Wallahi na ji daɗi, Batulu. Sannan na ɗauki jakunkunana na rasa ta wane gefe ake tare motar Jarwal.

Igamata, takardar izinin zamana, za ta ƙare a watan Safar. Kin sha tambayata ko zan sabunta, ina kauce miki. Wannan karon ke nake tambaya. Abin da kika ce shi zan yi.

Ki gaida Inna, ki shafa mini kan Murja.

Naki har kullum,
Sada