Da Hannuna Na Kwance Bandejin

Turba, ta ƙasar Isa.

Zuwa ga ƙanena Mas'ud,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka na asibiti can Jos. Allah ya sa albarka a hannun da kake jinyar mutane da shi. Mu nan alhamdu lillahi. An yanke gero, dawa ta kusa, Inna kuma ta rabu da tarin nan da ya dame ta.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali shekaranjiya muka yi waya. Abin da ke raina ne ya ƙi fitowa ta baki. Sau uku kana tambayata ƙafa, sau uku ina ce maka da sauƙi. Ƙarya na yi maka, Mas'ud, ni da nake yayanka.

Ka tuna da aka yi mini aiki a Sakkwato, aka yanke ruɓaɓɓen naman da ƙayar nan ta bari a ƙarƙashin babban yatsan dama. Saboda ciwon suga likita ya kafa mini sharaɗi biyu: kada ruwa ya taɓa wurin, kada in taka ƙafar sai bayan sati shida. Kai ma ka nanata mini har na ce ka ishe ni. Kwana tara na yi ina bi. Ina kwance ina jin Kassimu ladan yana jan salla a madadina, masu zuwa dubiya kuma kowa sai ya ce masallaci ya yi kewar muryata. Ran na goma matata Kubura ta wanke kujerar roba, ta ce a kai mini ita masallaci in bi Kassimu a zaune. Wallahi ji na yi kamar ta mare ni. Shekara ashirin da biyu ina gaban sahu, yau a gan ni a gefe bisa kujera kamar mai jiran mota?

Da la'asar na kwance bandejin, na tura ƙafar cikin takalmi, na taka har ƙofar masallaci. A gaban jama'a na yi alwala, na kwarara wa ƙafar ruwan buta don kowa ya shaida liman ya warke. Kwana huɗu ina jan salla, duk zaman tahiya ina kafa yatsan a ƙasa, ina cije baki. Ran na biyar Kubura ta ga jini a buzuna, ta ce kuma tun jiya take jin wari tana jin nauyin faɗa. Ɗana Hamza ya ɗauke ni a babur zuwa asibitin Isa, suna dubawa suka ce sai Sakkwato. Likitan bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Tambayata kawai ya yi ko ba a fahimtar da ni ba ne, na sunkuyar da kai. An cire yatsan, Mas'ud. Ya ce sauran ƙafar kuma tana hannuna.

Ban san iyakar kunyata ba sai da tsoho Sodangi ya zo dubiya. Ya zauna yana yi mini godiya, wai shekarun baya da galma ta sare shi a ƙwauri, ni na koya masa ya shafa a kan ɗaurin wajen alwala, ya yi sallarsa a zaune, na ce masa Allah yana son a karɓi sauƙin da ya yi. Ya ce da wannan karatu nawa ƙafarsa ta tsira. Ba gori yake yi mini ba, bai ma san abin da na aikata ba. Na kasa haɗa ido da shi.

Akwai tambayoyin da na kasa yi wa likita, kai za ni yi wa. Me ya sa nake jin ƙaiƙayi a yatsan da babu shi? Za ni iya tafiya ba sanda? Wane irin takalmi ya dace da ni, kuma yaushe za ni iya hawa babur zuwa kasuwar Bafarawa? Ka faɗa mini gaskiya, ko da faɗa za ka haɗa. Wannan karon za ni ji.

Juma'ar da ta wuce Hamza ya kai ni masallaci da sanduna biyu, ƙafar a ɗage. Na shafa bandejin, na zauna bisa kujerar nan ta Kubura a ƙarshen sahu, ina jiran idanun mutane. Aka tayar da salla, aka sallame, aka gaisa, kowa ya nemi takalminsa. Ko mutum ɗaya bai dubi kujerar ba. A kan wannan na ba da yatsana.

Ka gaishe mini da Maimunat da yara, musamman Lubna da Abdulgani. Inna da Kubura suna gaishe ku. Ka yafe mini ƙaryar da na yi maka.

Yayanka,
Is'haƙa