Hannun Daman Sadiq da Jifan Ranar Asabar

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Wasanni na makarantar sakandaren da ɗana Sadiq yake karatu a Setapak.

Ranka ya daɗe, sallama da gaisuwa mai yawa, da fatan kai da malamai da iyali kuna lafiya. Sadiq ne zai fassara maka wannan takarda, na kuma ja masa kunne kada ya rage ko kalma ɗaya.

Zan fara da godiya, don ta fi ƙorafin yawa. Da muka zo daga Kano saboda karatuna, yaron nan ba ya kula kowa, daga makaranta sai ɗaki. Wasan besbol ɗinku ne ya fito da shi. Ni har yau ban gane kan wasan ba. Abin da na sani, ɗana ne ke jefa ƙwallo, wani ya kai mata duka da sanda, in ya kuskure mu yi tafi. Yanzu ga abokai, ga yaren Malay a bakinsa kamar a nan aka haife shi. Wallahi na ji daɗi.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Na ɗaya, dokarku ta ce kada yaro ya wuce jifa tamanin a wasa ɗaya, don hannunsa bai gama ƙwari ba. Doka ce mai kyau, kocinsu kuma yana bin ta, na sha ganinsa da ’yar na’urarsa yana ƙirgawa. Amma "a wasa" ta ce, ba ta ce "a yini" ba. Ka san ruwan garin nan da la’asar. Ya hana wasan Alhamis, aka mayar da shi safiyar Asabar, alhali akwai wani bayan azahar. Sadiq ya yi jifa saba’in da takwas da safe, ya ci abinci, aka sake ƙirga daga ɗaya, ya yi saba’in da uku. A takarda babu wanda ya karya doka, sai dai da hannu ɗaya ya yi duka.

Na biyu, koci ya tambaye shi ko zai iya, ya ce "boleh", wato zai iya. Ranka ya daɗe, ɗan shekara sha shida da abokansa suka zuba wa ido, ko hannun ya cire "boleh" zai ce. Ga shi mu muka koya masa ba a ce wa babba a’a.

Na uku kuwa laifina ne. Ran Lahadi na tuƙa tuwo da miyar busasshiyar kuɓewar da nake ta tattali, sai na ga ya sa hannun hagu a kwano. Ban tambaya ba, na buge hannun da ludayi, na yi ta faɗa wai zaman ƙasar waje ya fara lalata shi. Ya ɗago na daman, loma ta kasa kaiwa baki, ashe gwiwar hannun ta kumbura suntum. Ranar ni na yi hawaye, ba shi ba.

Alhamdulillahi, likita ya ce jijiyar ba ta tsinke ba, hutun sati shida kawai take so. Koci ya zo har gidanmu a Danau Kota ya duba shi, da ƙunshin gurasar roti a hannu. Ba ni riƙe da kowa a raina.

Roƙona kaɗan ne. A riƙa ƙirga jifan yini gaba ɗaya. In ruwa ya haɗa wasanni biyu, wanda ya yi jifa da safe ya huta, ko da ya rantse zai iya. A kuma riƙa aiko wa iyaye adadin, don da na ga lambar nan da ban ɗaga ludayi ba.

Jiya Sadiq ya ci tuwo da hannun dama har ya nemi ƙari, ni kuma na zauna ina kallonsa, nawa ya huce. Sati mai zuwa hutun zai cika, zai koma fili da yardata. Ina ba ku aron hannun nan ne, don Allah a dawo mini da shi yana iya kai loma baki.

Allah Ya ƙara maka lafiya da basira, Ya raya mana yaran nan baki ɗaya.

Wassalam.

Maman Sadiq,
Danau Kota.