Bencin Ranar Asabar

Baba,

Gaisuwa mai yawa daga Samaru. Na san takardar nan ba za ta iske ka ba, balle ka ɗauki jan biro ka yi mata gyara yadda ka saba. Duk da haka sai na rubuta.

Mama tana lafiya, sai dai ƙafar nan. Mangwaron bayan gida ya yi 'ya'ya bana, ɗalibai sun riga mu. Mai maɗaba'ar nan ta Sabon Gari ya sake buga ƙaramin littafinka, har a bakin masu Keke Napep nake jin maganganunka.

Ni ma na karanta shi, amma sai bayan ka tafi. Shekara da shekaru kana koyar da falsafa, kana rubutu a kan gurguzu da jari-hujja, ni kuwa ina ɗauka surutun malaman jami'a ne kawai. Ashe maganar a fili take: mai son sanin adalcin gari ya je taronsu, ya ga wa ke zaune, wa ke tsaye, wa aka fara zuba wa abinci.

To, ga abin da ke cina. Ranar jana'izarka Baffa Yohanna, ƙaninka, ya kafa babban teburi da kujerun kushin, ya jera manyan da ka yi ta caccaka a jarida. Masu sharar jami'a da leburorin kasuwa, mutanen da kake cin tuwo kwano ɗaya da su, suka wuni tsaye a rana. Shinkafa ta ƙare kafin ta kai gare su. Na gani, Baba, na yi shiru. Har daɗi na ji wai manya sun zo mana. Wace irin 'ya ce wannan? Kunyar ba ta sake ni ba har yau.

Ranar Asabar za mu yi sujadar cikarka shekara da rasuwa. Baffa ya kawo jerin manyan baƙi, na mayar masa da takardarsa. Na aro bencuna daga majami'a, duka iri ɗaya, rumfa ɗaya, layin abinci ɗaya. Ya ce na zubar da mutuncin gida, ya rantse ba zai taka wurin ba. Abin ya yi mini zafi, don shi kaɗai ya rage mai irin muryarka. Amma me zan ce wa mutanenka in na sake barin su a rana?

Ban fasa ba, ba kuma zan fasa ba. In Baffa ya huce ya zo da wuri, akwai gurbi a benci. In ya makara, zai tsaya kamar kowa.

Ka huta lafiya, sai mun sadu a gaban Ubangiji.

'Yarka da ta gaji taurin kanka,
Rifkatu