Fim ɗin da Na Yi a Kanka, Yaya

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali. Na ji ciwon gwiwarka ya yi sauƙi, har ka koma buɗe shago da kanka. Allah ya ƙara afuwa. Ni ma lafiya lau, ina nan ina goge ɗakunan asibitin da na faɗa maka, hawa na huɗu, daga asuba zuwa azahar.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, yanzu ina yin fim. Kada ka yi dariya. A ƙarƙashin ɗakin karatun unguwarmu akwai wani ɗaki mara taga, da kyamara guda da kujerun roba, inda mu baƙi muke haɗuwa duk Lahadi. Malamar da ke koya mana ta ce kowa ya kawo labarin da ya tsaya masa a maƙogwaro. Ni kuwa na kawo na ranar da Inna take jinyar ajali, ta ce a kira mata ni ta ji muryata, ka sa wayar a aljihu ka ce wadda ta zaɓi wanke bayin wasu ba ta da uwa a gidan nan. Auta ce ta gaya mini, bayan kwana arba'in. Kada ka taɓa ta, ni na matsa mata.

Wani direban bas ne ya fito a matsayinka. Mutumin kirki ne, sau shida muna sake ɗauka saboda ya kasa faɗin maganar da sanyin da ka faɗe ta. Sai da na koya masa yadda kake gyara hula kafin ka yanke wa mutum hukunci. Wata tsohuwa mai guga ta zama Inna, ta kwanta a kan teburi biyu da muka haɗa. Da aka nuna fim ɗin, mutum saba'in suka zo. Wata ta tambaye ni ko mutumin nan yana raye, na ce mata ƙalau yake, ana ma kiransa sasanta rigimar 'yan uwa. Ranar na yi barcin da na shekara uku ban yi ba.

Na tura wa 'ya'yanka duka biyar fim ɗin. Minti tara ne kawai. Ka zauna kusa da su idan za su kalla, don za su so su yi maka tambaya.

Ka gaida Gwaggo, da Kawu Dogo, da Auta, da maman yara. Allah ya ba ka tsawon rai.

Taka ƙanwa,
'Yar Baƙa